Mai ɗaki ya san inda yake yoyo, amma ko ya san gyaran rufin?

A tsakiyar watan Disambar 2021, kamfanin Square Enix na ƙasar Japan ya yi abin da ba kasafai ake ganin ɗan kasuwa ya yi ba: ya dakatar da sayar da hajarsa saboda masu sonta sun yi yawa. Hajar ita ce Final Fantasy XIV, wasan kwamfuta da dubban mutane ke haɗuwa a cikinsa ta intanet. A farkon watan ne aka saki sabon babin wasan mai suna Endwalker, jama'a kuwa suka yi dafifi a kai. Mutum zai dawo daga aiki da yamma, ya kunna na'urarsa, ya tarar da mutum dubbai a gabansa suna jiran shiga. Ya shafe awa biyu ko uku yana kallon lambarsa tana raguwa, sai kwatsam allo ya nuna masa saƙon kuskure mai lamba 2002, a jefa shi waje, sau da yawa ya koma ƙarshen layi.

'Yan wasan sun yi ta ƙorafi, kuma ƙorafin ya kasu kashi biyu. Wasu suka ce akwai aibi a cikin manhajar wasan da ke fitar da mutane daga layi. Wasu kuma suka ce kamfanin rowa yake yi, ya sayo ƙarin na'urori kawai a huta. Daga baya ta tabbata cewa na farkon sun yi gaskiya ɗari bisa ɗari, na biyun kuwa sun raina girman matsalar.

Ra'ayina a wannan maƙala ya ginu ne a kan wannan bambanci. Idan ɗan wasa ya ce wani abu yana masa ciwo, to shaida ce da ya wajaba kamfani ya ɗauka da muhimmanci, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan kuwa ya rubuta wa kamfanin magani, to shawara ce da za a auna, wadda kan dace kuma kan kauce. Kamfanonin da suka kasa rarrabe waɗannan biyun sun yi asara ta fuska biyu: wasu sun yi kunnen uwar shegu da shaidar gaskiya, wasu kuma sun bi shawarar da ta kai su ga da-na-sani.

Garin da ke cikin na'ura

Ga wanda bai taɓa leƙa wannan duniya ba, ga yadda take. Irin waɗannan wasanni, waɗanda ake taƙaita sunansu da MMORPG, sun bambanta da wasan ƙwallo ko na tseren mota da ake gamawa cikin 'yan mintoci. A nan mutum yakan ƙirƙiri jarumi guda, ya raine shi tsawon watanni ko shekaru, a cikin wata ƙirƙirarriyar duniya da ba ta tsayawa ko da ya kashe kwamfutarsa. Akwai kasuwa, akwai sana'o'i, akwai ƙungiyoyi masu shugabanni da ranakun haɗuwa. World of Warcraft, wanda ya fito a 2004, ya kai masu biyan kuɗin wata miliyan 12 a shekarar 2010.

Ita wannan duniya ba a kwamfutar ɗan wasa take zaune ba. Tana cikin manyan na'urori na kamfanin, waɗanda ake kira uwar garke ko sabar, a wasu gine-gine da ake kira cibiyoyin bayanai. Kwamfutar ɗan wasa zana hotuna kawai take yi, ta kuma aika saƙo: na matsa gaba, na kai sara. Uwar garke ce ke yanke hukunci ko saran ya samu, sannan ta sanar da duk wanda ke kusa.

A nan wahalar take. Idan mutum 100 suka taru a dandali ɗaya, motsin kowannensu sai an sanar da sauran 99, wato kusan saƙo 10,000 a kowane zagaye. Idan suka zama 1,000, saƙon ya doshi miliyan ɗaya. Jama'a sun ninka sau goma, aikin na'ura ya ninka sau ɗari. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Shi ya sa akasarin kamfanoni ke raba 'yan wasansu zuwa duniyoyi masu yawa, kowace da sunanta da iyakar mutanen da za ta ɗauka a lokaci guda.

Wannan rabo da aka yi saboda lalurar injiniya ya haifar da abin da ba injiniya ya tsara shi ba. Kowace duniya ta zama gari: an san attajiranta, an san 'yan damfararta, an san ƙungiyar da ta fi kowa ƙarfi. Saboda haka idan ɗan wasa ya ce "sabar ɗinmu", yana nufin garinsu da mutanen da ya saba da su. Injiniya kuwa idan ya ji kalmar, akwatin ƙarfe yake gani. Rabin saɓanin da ke tsakanin ɓangarorin biyu daga nan ya samo asali.

Ƙorafin 'yan wasa a kan uwar garke bai wuce iri uku ba. Akwai dogon layi, idan masu son shiga suka fi abin da duniyar za ta ɗauka. Akwai jinkiri, idan ka danna maɓalli amma jarumin bai motsa ba sai bayan an riga an kashe shi. Akwai kuma kufai, idan garin ya watse, ka shiga kasuwa ba mai saye, ka nemi abokan yaƙi ba kowa. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, maganin ɗayansu yakan zama sanadin ɗayan.

Inda shaidar ta fi ƙarfin musu

A taron BlizzCon na 2013, wani ɗan wasa ya tambayi shugabannin World of Warcraft ko za su buɗe uwar garke mai ɗauke da wasan yadda yake a farkonsa, kafin sauye-sauyen da aka yi masa. J. Allen Brack, ɗaya daga cikin manyan masu kula da wasan, ya ba shi amsar da ta shahara: a'a, kuma kuna zaton kuna so ne, amma ba kwa so. Ma'anarsa, ɗokin tuna baya ne kawai ke ɗibarsu, da za a ba su tsohon wasan da wahalhalunsa da sun gudu.

'Yan wasan ba su tsaya jayayya da baki ba. Wasu masu sa-kai suka kafa uwar garke ta bayan fage mai suna Nostalrius, wadda na'urorinta ke Faransa, suka farfaɗo da tsohon wasan. Mutum kimanin 800,000 suka yi rajista, kimanin 150,000 daga ciki suna shiga a kai a kai. A watan Afrilun 2016 lauyoyin Blizzard suka sa aka rufe ta, kuma doka tana bayansu, domin wasan mallakarsu ne. Sai dai rufewar ta tayar da ƙura. Fiye da mutum 200,000 suka sa hannu a takardar koke. A Nuwambar 2017 kamfanin ya sanar da cewa zai fitar da World of Warcraft Classic, kuma Brack ɗin nan da kansa ne ya hau dandamali ya yi sanarwar. Da wasan ya fito a ƙarshen Agustan 2019, layin shiga ya kai na awanni. An ɓata shekaru ana gaya wa mutane cewa ba su san abin da suke so ba, alhali sun sani.

Labarin kuskure mai lamba 2002 ya fi wannan ma koyar da darasi, domin a nan batun na fasaha ne zalla. Bayanin farko da Square Enix ya bayar yana da ma'ana: idan masu jira a layi suka wuce 17,000 a rukunin duniyoyi guda, na'urar shiga tana ƙin karɓar ƙari don kada ta durƙushe, kuma wanda aka fitar yana tsakiyar layi, mai yiwuwa intanet ɗinsa ne ke yankewa. Amma cikin 'yan wasan akwai injiniyoyi da masana harkar sadarwa. Suka bibiyi saƙonnin da ke kai-da-komo tsakanin kwamfutocinsu da uwar garke, suka lura cewa manhajar wasan da kanta take yanke haɗin bayan kowane minti 15 ta sake ƙullawa, kuma a wannan gaɓar ce ake zubar da mutane. Suka wallafa abin da suka gano. Cikin 'yan kwanaki Naoki Yoshida, shugaban wasan, ya fito ya tabbatar da cewa lallai akwai aibi, kuma tsohon rubutu ne da ya rage tun sigar farko ta wasan. Aka gyara shi a ranar 21 ga Disamba.

Da kamfanin ya tsaya a kan cewa laifin intanet ɗin mutane ne, da aibin ya ci gaba da zama. Amsar "matsalar daga wajenka take" ita ce mafi sauƙi a bakin duk mai ba da hidima, kuma wani lokaci gaskiya ce. Amma idan mutum dubu da ba su san juna ba, a ƙasashe daban-daban, suka kawo kuka iri ɗaya, ruwa ba ya tsami banza.

Inda maganin ya ƙi ci

Yanzu mu juya ga ɗaya ɓangaren. Duk lokacin da layi ya yi tsawo, kiran da ake ji shi ne a ƙara uwar garke. Kiran yana da daɗin ji, kuma an taɓa gwada shi a fili.

A ranar 28 ga Satumbar 2021 Amazon ya saki wasansa mai suna New World. Idan akwai kamfanin da ba za a ce ya rasa na'urori ba, to shi ne, domin reshensa na AWS ne kan gaba a duniya wajen ba da hayar uwar garke. Duk da haka layi ya yi tsawo, saboda an tsara kowace duniya ta ɗauki mutum kimanin 2,000 ne a lokaci guda, masu wasa kuwa sun haura 900,000 a lokaci ɗaya cikin makon farko. Kamfanin ya amsa kiran jama'a, ya yi ta buɗe sabbin duniyoyi har adadinsu ya ninka. Kafin a cika wata shida, yawan masu wasan ya ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari. Dalilan raguwar suna da yawa, ciki har da aibobin da suka lalata kasuwar wasan, amma sakamakon ɗaya ne: duniyoyi da dama suka zama kufai. Shi kuwa New World wasa ne da ya dogara da yaƙin mallakar yankuna tsakanin ɓangarori uku, wanda ba ya yiwuwa sai da jama'a. Tun daga Disambar wannan shekarar aka fara haɗe duniyoyi, aka kwashe mutane daga garuruwan da suka sha wahalar kafawa aka zuba su cikin na wasu.

Abin da ɗan wasan da ke tsaye a layi ba ya gani shi ne, makon farko ba shi ne ma'auni ba. Taron ranar buɗewa kamar taron ranar ɗaurin aure ne, ba a gina gida daidai da yawansa. Blizzard ya san haka lokacin da ya saki Classic, shi ya sa ya zo da wata dabara: maimakon buɗe garuruwa masu yawa, sai ya yi wa gari ɗaya kwafi-kwafi na wucin gadi, da niyyar naɗe su idan jama'a suka ragu. 'Yan wasa da yawa sun tsani dabarar, domin kana iya tsayawa wuri ɗaya da abokinka ba ku ga juna ba. Ƙorafinsu gaskiya ne. Amma abin da da yawansu suka nema a madadinta shi ne abin da ya jefa New World cikin kufai bayan shekara biyu.

Akwai kuma gaskiyar da 'yan wasa ba sa son a faɗa: su ma suna da hannu a cunkoson. Kowa yana son garin da ya fi cika, inda kasuwa ke ci kuma fitattun masu watsa wasa kai tsaye suke. Ko an buɗe sabuwar duniya babu layi, mutum ya gwammace ya jira awa uku a inda abokansa suke. A 2022 sai da Blizzard ya kulle wasu manyan duniyoyin Classic, ya hana sabbin shiga, ya kuma ba da damar ƙaura kyauta. A Final Fantasy XIV kuwa, kamfanin ya sa dokar fitar da duk wanda ya yi minti 30 bai taɓa komai ba, sai wasu suka ƙirƙiro dabarun nuna kamar suna nan don kada su rasa gurbinsu, abin da ya ƙara wa na baya tsawon jira.

Game da zargin rowa, Yoshida ya yi bayani dalla-dalla. Duniya na cikin ƙarancin ƙananan ƙwaƙwalen lantarki da ake haɗa na'urori da su, ga kuma takunkumin tafiye-tafiye na annobar korona da ya hana ma'aikata zuwa cibiyoyin bayanai na ƙetare. Ya ce sun nemi saye ko da a farashi mai tsada, kayan ne babu. Wannan ba ya wanke kamfanin gaba ɗaya, domin a 2013 ma ya taɓa dakatar da sayar da wasan saboda cunkoso, kuma tun bazarar 2021 aka ga alamun ambaliyar. Sai dai ya nuna cewa "a sayo ƙari" ba umarni ba ne da ake zartarwa a kwana ɗaya.

Abin da ya ceci sunan kamfanin a wannan rikici shi ne yadda ya yi magana. Ya faɗi lambobi, ya amsa kuskurensa, ya ba masu biyan kuɗi kwana 21 kyauta, ya kuma rufe ƙofar samun kuɗin shiga don ya kare waɗanda suka riga suka biya. Ba a dawo da sayarwa ba sai ranar 25 ga Janairun 2022. Mutane suna iya jure layi idan sun san dalilinsa da ranar ƙarewarsa. Abin da ke kore su shi ne su ji ana raina musu hankali.

Yadda ake mai da hayaniya shawara

Mai karatu na iya cewa: to wa za a saurara? Masu ƙorafi a intanet ba su ne duka 'yan wasa ba. Wanda ya gamsu yana can yana wasansa, wanda ya gaji ya tafi ba sallama. Masu ɗaga murya ƙalilan ne, kuma galibi su ne mafi naci, waɗanda bukatarsu ta sha bamban da ta mai shiga awa biyu a ƙarshen mako. Wannan suka ce mai ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Amsarta ita ce a gina hanyar da za a tace ra'ayi, kuma akwai kamfanoni biyu da suka gwada.

Na farko shi ne CCP Games na birnin Reykjavik a ƙasar Aislan, mai wasan EVE Online da ya fito a 2003. Shi ya ƙi raba jama'arsa: ban da 'yan ƙasar Sin da ke da tasu, kowa yana cikin duniya ɗaya mai suna Tranquility. Hakan ya sa yaƙe-yaƙen jiragen sama jannati na wasan sukan tara dubban mutane a wuri guda, na'ura ta kasa, umarnin wasu ya wuce na wasu ya maƙale. Maganin da kamfanin ya kawo a wajajen 2012 shi ne rage gudun lokaci. Idan nauyi ya yi yawa, sai agogon wannan yanki ya sassauta har zuwa kashi 10 cikin ɗari, abin da ke ɗaukar daƙiƙa ɗaya ya ɗauki goma. Jinkirin bai gushe ba, amma an raba shi daidai a kan kowa, kuma kowa yana ganin ma'auninsa a allonsa. A haka aka gwabza yaƙin B-R5RB a Janairun 2014, wanda ya ɗauki kimanin awa 21, fiye da jarumai 7,500 suka shiga. Ba ɗan wasan da zai rubuta koke yana neman a rage masa gudun wasa. Wannan magani ne irin na injiniyan da ya saurari ainihin kukan, wato rashin adalcin jinkirin. Tun 2008 kuma kamfanin yake da majalisar wakilai da 'yan wasa ke zaɓa da ƙuri'a, waɗanda ke zama da ma'aikatansa suna tattauna sauye-sauye kafin a fitar da su. Majalisar ba ta da ikon zartarwa, kuma ana zarginta da cewa manyan ƙungiyoyi ne ke mamaye kujerunta, amma ta samar da teburin da ake faɗa wa juna gaskiya.

Na biyu shi ne Jagex na birnin Cambridge a Ingila. A Fabrairun 2013 ya tambayi 'yan wasan RuneScape ko suna son a dawo da sigar wasan ta 2007, kusan mutum 450,000 suka ce e, aka buɗe Old School RuneScape a watan. Daga nan aka kafa ƙa'ida: ba a ƙara wani babban abu a wasan sai kashi 75 cikin ɗari na masu ƙuri'a sun amince, kafin a sassauta zuwa 70 a 2022. Tsarin yana da tsada. Shawarar ƙara sana'ar tuƙin jirgin ruwa ta samu rinjaye a 2015 amma ba ta kai ma'aunin ba, sai a 2023 ta tsallake. Duk da wannan nawa, wasan ya bunƙasa har ya zarce sabuwar sigar da aka ce ta gaje shi. A lura kuma da iyakar ƙuri'ar: ana tambayar jama'a abin da suke so a wasan, amma gyaran aibi da kare wasan daga maguɗi suna hannun ma'aikata. Wannan rabon aiki shi ne ainihin abin da nake kira a yi.

Muryar da ba ta kai teburin ba

Akwai wani rukunin 'yan wasa da ƙorafinsu ba ya shiga lissafi, kuma wasu daga cikin masu karanta wannan maƙala suna cikinsu. Jinkiri iri biyu ne: wanda cunkoso ke jawowa, da wanda nisa ke jawowa. Na biyun ba shi da alaƙa da kyawun na'ura. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin wayar gilashi, wato kowane kilomita 100 na nisa yana cin milisakan ɗaya a zuwa da dawowa, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. Wayar MainOne da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku a 2010 daga Fotugal zuwa Legas tana da tsawon kilomita 7,000, wato milisakan 70. A ƙara kimanin 10 daga Kano zuwa Legas, da kimanin 20 daga Fotugal zuwa Frankfurt, inda cibiyar Turai ta Final Fantasy XIV take. An kai 100 tun kafin saƙon ya tsaya a ko da na'ura ɗaya a hanya. Wanda ke zaune a Jamus yawanci bai kai 30 ba.

Wannan tazara tana da tasiri. A Final Fantasy XIV ana kai manyan hare-hare ne bayan kowace daƙiƙa biyu da rabi, ana cusa wasu ƙanana a tsakani, kuma wasan yana jiran amsar uwar garke kafin ya bari a yi na gaba. Mai nisa yakan rasa gurbin da na kusa ke samu, sai abokan tafiyarsa su ɗauka rashin ƙwarewa ne. Cibiyoyin wasan suna Japan, Amurka, Turai da Ostireliya. Babu ko ɗaya a Afirka, haka ma World of Warcraft. Cibiyoyin da Microsoft ya buɗe a Afirka ta Kudu a 2019, da wadda Amazon ya buɗe a Cape Town a 2020, ba su warware wa Afirka ta Yamma matsalar ba, domin Legas ta fi kusa da Lisbon a kan Cape Town. A ranar 14 ga Maris ɗin 2024 kuma, lokacin da wayoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, yankin ya ga yadda hanyarsa ta zuwa Turai take da rauni.

Kamfani zai ce babu isassun masu biya a yankin da za su ɗauki nauyin cibiya, kuma lissafinsa ba ƙarya ba ne. Amma lissafin yana cin wutsiyarsa: babu cibiya saboda babu 'yan wasa, 'yan wasa kuma ba sa daɗewa saboda babu cibiya. Mutanen Ostireliya sun shafe shekaru goma a cikin wannan tarko kafin Blizzard ya kai musu uwar garke a 2014, Square Enix kuma ya buɗe tasa a Sidni a Janairun 2022. Abin da ya taimake su shi ne sun kasance jama'a da ake iya ƙirgawa, masu ƙungiyoyi da sunan yankinsu, masu maimaita buƙata ɗaya shekara da shekaru. Ɗan wasan Afirka ta Yamma da ya ɓace cikin taron Turawa, ko ya yi rajista da adireshin wata ƙasa, ba ya fitowa a kowane jadawali da ake kai wa masu yanke shawara.

Haƙƙin kowane ɓangare

Me ya sa wannan duka ya wuce batun wasa? Saboda ɗan wasa ba ya mallakar komai a duniyar da ya zuba wa shekarunsa. A Janairun 2023, da yarjejeniyar Blizzard da kamfanin NetEase ta ƙare, aka kashe World of Warcraft a ƙasar Sin baki ɗaya, bai dawo ba sai a 2024. Wanda za a iya rufe masa gari da sa hannun mutum biyu ba shi da makami sai muryarsa da kuɗin watansa. Don haka yana da kyau muryar ta zama mai amfani.

A wuyan ɗan wasa akwai haƙƙin ya kawo shaida mai tsabta: yaushe abin ya faru, sau nawa, a wace duniya, da wane irin haɗin intanet. Waɗanda suka gano aibin minti 15 sun yi nasara ne da ma'auni, kuma rahotonsu guda ya fi zagi dubu tasiri. Ya kuma kamata ya tuna cewa layin da yake kuka da shi yau da kufan da zai yi kuka da shi bayan wata shida igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

A wuyan kamfani kuwa haƙƙin ya fi nauyi, domin shi ke riƙe da bayanai kuma shi ke karɓar kuɗi. Ya ɗauki kuka a matsayin gaskiya har sai bincike ya nuna akasin haka. Ya faɗi iyakar na'urorinsa da lambobi. Idan ya ƙi bin shawarar jama'a, ya bayyana abin da yake gudu. Idan ya kasa ba da hidimar da aka biya, ya mayar da kwanakin da aka rasa, ya kuma daina sayar da kujerar da babu ita.

Duk wanda ke tafiyar da wata hidima ta intanet a cikin masu karatu, ko manhajar biyan kuɗi ce ko shafin rajistar ɗalibai, zai gamu da ranarsa ta kuskure mai lamba 2002. A ranar, jama'a za su zo masa da kuka da kuma magani a haɗe cikin fushi ɗaya. Aikinsa shi ne ya ware su: maganin ya kai wa injiniyoyinsa su auna, kukan kuwa ya yarda da shi tun kafin ya buɗe bakinsa ya ce matsalar daga wajensu take.